Nijar ba ta da teku, amma tukunyarmu a bakinsa take



Kwanakin baya mun taɓo maganar zaizayar bakin teku a ƙasashen Benin da Togo cikin shirinmu, sai wani bawan Allah ya bugo waya, ransa a ɗan ɓace. Ya ce mu da ko warin teku ba mu taɓa ji ba, ga tsadar hatsi, ga matsalar tsaro, mene ne namu da ruwan Kwatano? Tambayarsa tana da hujja, kuma mun san ba shi kaɗai ke da ita ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba shi amsa a rubuce, a tsanake, tunda mintocin rediyo ba su isa ba.

Ra'ayinmu shi ne: yadda ƙasashen gaɓar teku ke kula da bakin ruwansu da kifinsu magana ce da ta shafi aljihun ɗan Maraɗi, da tukunyar uwargida a Damagaram, da baitulmalin ƙasa a Yamai. Muna da haƙƙi a wannan teku, muna kuma da laifi a cikin ɓacinsa.

Mu fara da kasuwa. Shinkafar waje, man girki, taliya, babura, kayan gyaran mota, magunguna, mafi yawansu jirgin ruwa ne ya kawo su kafin kamiyo ya ɗauko. Shekaru da dama, kaso mafi tsoka na kayan da Nijar ke shigowa da su ta tashar Kwatano yake biyowa, ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 ta Malanbil da Gaya. Tun da iyaka ta rufe bayan 26 ga watan Yuli na 2023, kowa ya ga abin da ya faru: kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya hau, farashi ya bi shi. Siyasa ce ta jawo wancan, amma ta koya mana cewa duk abin da ya taɓa tashar jirgin ruwa, kafin wata ya ƙare za mu ji shi a Kadro da Dole.

To, ba siyasa kaɗai ke iya taɓa tasha ba, ruwan ma yana iyawa. A gaɓar da ta taso daga Gana ta ratsa Togo da Benin zuwa Najeriya, igiyar ruwa tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, dare da rana. Muddin yashin na tafiya, abin da ruwa ya kwashe nan, wani zai zo ya cike gurbinsa. Da aka gina tashar Kwatano da ta Lome a shekarun 1960, dogayen katangun da aka shimfiɗa cikin ruwa suka tare hanyar yashin. Yamma da tasha yashi ya taru, gabas da ita ruwa ya rasa abin da zai ajiye, sai ya shiga cin ƙasa. Madatsar ruwan Akosombo da Gana ta kammala a 1965 ita ma ta riƙe laka da yashin da kogin Bolta ke kaiwa teku. Aka ƙara da masu ɗibar yashi a bakin ruwa don gini. Sakamakon shi ne gidaje da dama a gabashin Kwatano sun faɗa ruwa, kuma tsohuwar hanyar da ta haɗa Lome da Aneho yanzu tana cikin teku.

A lura da kyau: tashoshin nan da suka jawo zaizayar, kayanmu ma suke saukewa. Mai gidan da ruwa ya cinye a unguwar Akpakpa ya biya wani ɓangare na kuɗin shinkafar da muka ci, ko da bai sani ba, mu ma ba mu sani ba.

Bankin Duniya ya yi lissafin abin da lalacewar gaɓar teku ta jawo wa ƙasashe huɗu, Benin, Kodebuwa, Senegal da Togo, a shekarar 2017 kaɗai: dalar Amurka miliyar 3 da miliyon 800, wato kashi 5,3 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a shekara. Zaizaya, ambaliya da gurɓatar ruwa da iska duk suna ciki. Daga 2018 aka ƙaddamar da shirin WACA don kare gaɓar Afirka ta Yamma, kuma a ƙarƙashinsa Togo da Benin suka haɗa hannu suka jera duwatsu cikin ruwa, suka zuba yashi, daga Agbodrafo zuwa Grand-Popo. Dalilin haɗa hannun a fili yake: idan Togo ta tare yashi ita kaɗai, Benin ce za ta kwana a ciki. Benin kuma ta kafa dokar kare yankin bakin teku a 2018, kuma ƙasashen biyu duk sun haramta ɗibar yashi a bakin ruwa. Irin wannan aiki kuɗi yake ci ba kaɗan ba, kuma ƙasar da ke kashe miliyoyi don kare gaɓarta, ko ba jima ko ba daɗe za ta nemi inda za ta mayar da kuɗinta. Harajin tasha na cikin wuraren da ake dubawa.

Sai maganar mai. Bututun da ya taso daga Agadem ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000, bai tsaya ko'ina ba sai Seme-Kpoji, gabas da Kwatano, inda jiragen dakon mai ke lodi cikin teku. Jirgin farko ya yi lodi a watan Mayu na 2024. Wato arzikin da muke sa rai zai gina mana lakwal da likita, bakinsa yana kan wannan gaɓa mai rauni. Idan, Allah ya kiyaye, mai ya tsiyaya a wurin, masuntan Benin ne za su fara kuka, amma sunan da za a kira man Nijar ne, kuma lodin da zai tsaya namu ne. Saboda haka tambayar wane shiri aka yi na tarar haɗari a wurin, tambaya ce da ɗan Nijar ke da damar yi.

Yanzu mu leƙa tukunya. Kifin ƙanƙara da ake saye a katon, mata su soya su sayar a bakin titi da yamma, daga tekun Atlantika yake. Shi ne naman talaka a garuruwanmu, tunda kilon naman sa ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Ruwan Muritaniya da Senegal na cikin wuraren da suka fi ko'ina albarkar waɗannan ƙananan kifaye a Afirka, musamman wanda Wolofawa ke kira yaboy. Masana na hukumar FAO sun daɗe suna cewa kamun da ake yi masa ya wuce kima. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne masana'antun garin kifi da suka yawaita a Nuwadibu, da Senegal da Gambiya. Ana niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo guda na gari, a tura shi Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce sama da tan 500,000 na kifi ake kwashewa ta wannan hanya kowace shekara, abin da zai iya ciyar da mutum miliyon 33. Idan kifi ya ragu a Nuwadibu, katon zai yi tsada a Tawa. Mai soya kifi za ta rage girman yanka, yaro ya ci tuwo da romo kawai.

Wani zai ce to, ko mun damu me za mu iya, ruwan nasu ne. A nan ne muke son mu gyara wata fahimta. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994, Nijar kuma ta amince da ita a 2013. Ta ba ƙasar gaɓa cikakken iko har mil 12 na ruwa, da ikon cin arzikin ruwa har mil 200. Amma ba ta manta da irinmu ba. Aya ta 125 ta ce ƙasar da ba ta da teku tana da haƙƙin isa teku da fitowa daga gare shi, da ƴancin wucewa da kayanta ta ƙasar maƙwabta, bisa sharuɗɗan da ɓangarorin za su daidaita a kai, tare da barin ƙasar da ake ratsawa ta kare muradunta. Aya ta 69 ta ce muna da haƙƙin shiga cikin kamun rarar kifin da ke ruwan ƙasashen yankinmu, shi ma ta hanyar yarjejeniya. Aya ta 136 kuma ta ce ƙasan teku mai zurfi da ke wajen iyakar kowa, da ma'adinan da ke cikinsa, gadon ƴan Adam ne baki ɗaya. Ƙasashe 16 ne a Afirka ba su da teku, kuma duk wannan magana tasu ce.

Sai dai a duba kalmar nan, rara. Idan an kwashe kifin an niƙa, babu rarar da za a raba. Haƙƙinmu na kan takarda yana rayuwa ne kawai idan ƙasashen gaɓa sun kula da ruwansu. Shi ya sa muke ganin bai kamata wakilanmu su yi shiru a duk inda ake tattauna kamun kifi da kare gaɓa ba, ko da kujerarsu tana can baya.

Kuma kada mu ɗora wa wasu laifi mu manta da namu. Kogin Kwara ya ratsa ƙasarmu tsawon kilomita 550 kafin ya shiga Najeriya ya faɗa Atlantika. Ledar da aka jefa cikin kwatar Gunti Yena a Yamai, idan ruwan sama ya zo, kogi za ta shiga, kuma wadda ba ta maƙale a hanya ba teku ta nufa. Tun 2014 muke da dokar da ta hana shigowa da baƙar leda marar kauri da sayar da ita da amfani da ita. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: yau da safe a cikin me aka ƙulla mana ƙosai? Hukumar kula da kogin Kwara, ABN, mai ƙasashe 9, hedikwatarta a Yamai take. Bai dace a ce masu masaukin baƙi ne ke kan gaba wajen zuba shara a ruwan ba.

Akwai wani darasi daga Senegal da muke son hukumominmu su riƙe. A watan Oktoba na 2003, kogin Senegal ya cika yana barazanar shanye birnin Saint-Louis. Cikin gaggawa aka haƙa ƴar hanya mai faɗin mita 4 a tsirin yashin da ya raba kogin da teku, don ruwa ya samu mafita. Birnin ya tsira a wannan shekara. Amma teku ya kama bakin hanyar yana ci, har ta zama kilomitoci. Ƙauyen Doun Baba Dieye ya nutse, ruwan gishiri ya lalata gonakin lambu na yankin Gandiol, masunta da yawa sun rasa rayukansu wajen ƙetare wurin da jiragensu. An yi abin da kyakkyawar niyya, amma ruwa bai san niyya ba.

Mu da muka ga daminar 2024, da abin da ruwa ya yi a Maraɗi, da faɗuwar tsohon masallacin Birni a Damagaram, ba mu buƙatar a fassara mana wannan. Wanda ya sayar da fili a hanyar ruwa da wanda ya ba da izinin gini a bakin teku, kuskure ɗaya suka yi. Kamiyon da ke kwasar yashi a gindin gada cikin gulbi, da wanda ke kwasa a bakin ruwan Kwatano, ɓarna ɗaya suke yi. Mai kama ƴaƴan kifi da gidan sauro a tafkin Madarunfa ko Tabalak, da babban jirgin da ke share tekun Muritaniya, girma ne kawai ya bambanta su. Kakanninmu sun san wannan: sarkin ruwa yakan rufe tafki, ba mai jefa taru sai ranar da aka buɗe su. Abin da masana ke kira hutun kifi a yau, shi ne wannan.

Don haka ga abin da muke kira a yi. Na farko, duk wata yarjejeniyar wucewar kaya da Nijar za ta ƙulla, da Kwatano ne, da Lome ne, ko da wata tasha, a gina ta kan doka a rubuce, yadda saɓanin shugabanni ba zai hana buhun shinkafa isowa Tasawa ba. Na biyu, a riƙa yi wa ƴan ƙasa bayani kan matakan kare muhalli a inda manmu ke shiga jirgi. Na uku, a mayar da hankali kan kifinmu na gida, na tafkin Cadi da Komadugu da Kwara da tafkunan Tawa da Maraɗi, a taimaki masu kiwon kifi, don kada tukunyarmu ta dogara da katon kaɗai. Na huɗu, magadan gari su daina raba filaye a hanyar ruwa, kuma dokar leda ta 2014 ta fito daga cikin durowa. Wannan na ƙarshe bai jiran kowa: uwargida ta tafi kasuwa da kwandonta, mai shago ya daina ƙulla ashana guda a leda.

Ga ɗan uwanmu da ya bugo waya: malam, mun yarda tsadar hatsi da tsaro su ne a gaba, ba mu ce a ajiye su ba. Amma tsadar da kake kuka da ita, wani reshenta daga bakin teku ya taso. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon ma gemun haɗe yake da namu.

Muna jiran jin ta bakinku, musamman direbobin da ke bin hanyar Lome da mata masu sana'ar kifi: nawa kuke sayen katon bara, nawa kuke saye bana? Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.