Mu Fara Yawon Buɗe Ido Daga Ƙofar Doka

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da aka ce za a tafi yawon buɗe ido, hankalinmu kan tafi Kano ko Abuja, a yi ta tara kuɗin mota. Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin ya kamata mu fara da gida. Da yawa cikinmu kullum sai sun ratsa Ƙofar Doka a Keke Napep, amma a tambaye su sunayen ƙofofin birni, sai su yi shiru.

Ga su nan: Doka, Kibo, Tukur-Tukur, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Jatau da Galadima. Da can duk mai shiga Zazzau, fatake ne ko mahaya, ta ɗayansu zai bi, domin ganuwa ta kewaye gari. Tarihin baka yana danganta gina ganuwa da Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, shi ya sa har yau ake cewa "ganuwar Amina". A littafi muke haddace wannan saboda jarrabawa, alhali abin yana bayan gidajenmu.

Wani zai ce tarin ƙasa ce kawai, me za a gani? To, wanda ya taka da ƙafa zai ga abin da mai mota ba ya gani. Zai ga kaurin ginin da kakanninmu suka yi da hannu, babu siminti. Zai kuma ga inda ruwan sama ya zaizaye, da inda aka haƙi ƙasa don yin bulo, da inda aka mai da gindinta juji. Wasu wuraren ma gidaje sun hau kanta, babu ko alama.

Kada mu ɗauka tsohon gini ba ya faɗuwa. Babban Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim ya yi kusan shekara 190 a tsaye. A watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Ita kuwa ganuwa a hankali take tafiya, babu mai jin ƙararta.

Don haka muna roƙon hukumar makaranta da malamanmu na tarihi su ware mana Asabar ɗaya a kowane zango. Mu tashi daga Ƙofar Doka a ƙasa, mu bi ta ƙofar fada, mu fita ta Ƙofar Gayan. Mu gaida dattawan unguwa, mu tambaye su asalin sunan kowace ƙofa, mu rubuta, mu liƙa a wannan allo. Ba sai an biya ko sisi ba.

Kafin nan, kowa ya hana ƙannensa zuba shara a gindin ganuwa. Mai son shiga tafiyar farko ya ba sakataren ƙungiya sunansa kafin ranar Alhamis.