Wai Shirmen Bature Ne? Martani Ga Masu Yi Wa Harshen Tolkien Dariya

A zaman da ƙungiyarmu ta yi kwanan baya, wani ɗan'uwa ya kawo labarin Baturen nan na Ingila, J.R.R. Tolkien, wanda ya ƙirƙiri harsuna sukutum domin wata al'umma ta ƙage da ya kira Elf, masu kama da abin da mukan kira mutanen ɓoye. Kafin ya rufe baki zaure ya kaure da dariya. Wani ya ce ƙoshi ne ya yi wa Bature yawa, wani ya ce ina ruwan marubucin Hausa da harshen aljanu. To, mu da muke kwana muna gyaran insha'in ɗalibai muna da ja a kan wannan dariya, domin a ganinmu mu ne ya kamata a yi wa ita.

Da farko dai, mutumin nan ba gara-gara ya faɗa harkar ba. Daga 1919 zuwa 1920 ya yi aiki a babban ƙamusun Ingilishi na Oksfod, inda aka ɗora masa bin asalin wasu kalmomi masu farawa da harafin W. A 1925 ya zama shehun malami na tsohon Ingilishi a jami'ar Oksfod. Harshensa na Kwenya kuwa ya soma tsara kalmominsa wajajen 1915, yana sha'awar daɗin sautin harshen mutanen Finlan, bai kuma daina gyara shi ba har ya mutu a 1973. Ɗan'uwansa Sindarin ya ɗora shi ne bisa sautin harshen mutanen Wels.

Abin lura shi ne, ba ɗebo sauti ya yi a iska ya laƙa masa ma'ana ba. Uwar harshe ya fara ƙagawa, ya ba ta saiwoyi, sannan ya shimfiɗa dokokin da sauti ke bi yana sauyawa. Inda Kwenya ta riƙe “kw”, Sindarin ta mayar da shi “p”, shi ya sa “kalma” ta zama quetta a ɗaya, peth a ɗayan. Kwenya ta yar da “g” na farkon kalma, don haka “itace” ya zama alda, alhali a Sindarin galadh ne. Wanda ya san Basakkwace na cewa “hwaɗi” inda Bakano ke cewa “faɗi” ba zai ga wannan baƙon abu ba. Haka sunayen ƙasashen da ke cikin labaransa: mor duhu ne, gond dutse, dor ƙasa, sai ga Mordor da Gondor. Jerin saiwoyin nan ɗansa Christopher ya buga shi a 1987. Shi kansa Tolkien ya taɓa bayyanawa a wata wasiƙa ta 1955 cewa harsunan ne suka riga labaran, an gina labaran ne domin harsunan su sami mazauni.

Yanzu mu dawo gida. Mutum ɗaya ya yi kusan shekara 60 yana hidimar harshen da babu uwar da ta taɓa yi wa ɗanta rarrashi da shi. Mu kuwa da muka gaji harshe mai miliyoyin baki, mu nawa ne a zauren nan za su iya faɗin inda “littafi” ya fito? Mu nawa muka san “agogo” da “ashana” daga Yarabanci muka aro su? Mu nawa muka taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko na Jami'ar Bayero na 2006, kafin mu yanke hukuncin cewa Hausa ba ta da kalmar kaza? Sai ka buɗe littafin ɗayanmu ka tarar an jibga Turanci tsakiyar jimla, in ka yi magana a ce ai zamani ne. Ba zamani ba ne, ƙyuiya ce. Magabatanmu da suka ga dogo da abin da ke tashi sama ba su daburce ba, jirgin da suka sani a ruwa suka ɗauko, suka ce jirgin ƙasa da jirgin sama. Aro ba laifi ba ne, amma su in sun ara sukan lanƙwasa kalmar ta bi bakin Bahaushe, kamar “asibiti” da “soja”.

Za a ce mana harsunan Tolkien ba su cika ba, kuma ya yi ta sauya ra'ayi a kan kalma guda. Gaskiya ne, mun yarda. Za a kuma ce halittun nasa ƙarya ne. To Gizo da Ƙoƙi fa, wa ya taɓa cin karo da su a kasuwa? Ba mu ce kowa ya koyi Kwenya ba. Cewa muka yi wanda ya ɗauki alƙalami dole ya girmama kalma, ya san tushenta da danginta, kamar yadda maƙeri ya san ƙarfensa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da su ware shafi guda a kowace fitowa ta wannan mujalla domin bin asalin kalmomin Hausa da tattauna sababbi, a gayyato masana harshe su yi mana alƙalanci. Muna kuma roƙon kowane marubuci ya ajiye ƙamus kusa da alƙalaminsa. In mun ƙi, ɗalibanmu da ke karanta littattafanmu a ɓoye ƙarƙashin tebur, irin Hausar da muka ba su ita za su miƙa wa na baya. Allah Ya sa mu gyara.