Saniyar madara ba sai ƙatuwa ba

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, zancen madara ya cika gari. A ofis ma, 'yan uwanmu ma'aikata da suka kusa ritaya ba su da hira sai "garatuti na fitowa shanun Turawa zan saya." In ka ce wace iri, sai a ɗago waya a nuna maka ƙatuwar nan mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, wato Friesian ta ƙasar Holan. Ni dai a ganina, mutumin Kara ko Getso ko Garo da zai ɗaure saniya ɗaya ko biyu a bayan gida, wannan ba saniyarsa ba ce. In jinin waje ake so, gara Jersey.

Jersey sunan wani ɗan tsibiri ne tsakanin Ingila da Faransa, can ne asalinta. 'Yar ƙarama ce, ja-ja mai ruwan ƙasa, nauyinta wajen kilo 400, ita kuwa Friesian tana haura 600. Kada ku raina wannan bambancin, domin nan kuɗin yake. Saniyar tatsa tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta kullum. Ke nan ƙatuwar na neman kilo 18, ƙaramar kilo 12. Kilo 6 a yini. To ku lissafa daga Nuwamba zuwa Mayu, kwana 200 a ƙalla da babu ɗanyar ciyawa: kilo 1,200 ke nan na harawa da dusa da kowa da angurya da za ka ƙara nema. Duk wanda ya taɓa tayin damin harawa a watan Afrilu ya san me nake faɗa. Ruwan sha ma haka, kuma ba kowa ke maƙwabtaka da dam ɗin Guzuguzu ba.

Sannan zafi. Friesian dabbar ƙasar sanyi ce. Bazararmu da ke kai digiri 40 tana sa ta haki, ta rage ci, nono ya ja baya, ɗaukar ciki ma ya yi wuya. Jersey ta fi ta jimiri nesa ba kusa ba, tana haihuwar fari tun tana shekara 2 in ta samu kulawa, kuma haihuwar ba ta cika zuwar mata da gardama ba.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne maiƙo. Madarar Jersey tana da mai kusan kashi 5 cikin 100, ta Friesian ba ta kai 4 ba. Mu nan me muke sayarwa? Kindirmo, nonon fura da man shanu. Matar da ta kai ƙwarya kasuwar Gwarzo, kaurin nononta ake dubawa, ba wanda zai tambaye ta lita nawa saniyar ta bayar. Man shanu kuma yana ajiyuwa ba tare da firji ba, a garin da wuta sai ta ga dama. Gaskiya ne Friesian ta fi yawan lita, ban musa ba. Mai babbar gona da rijiyar burtsatse da fanka a rumfa, wanda zai riƙa kai wa kamfani irin L&Z a Kano, ya je ya sayi abarsa, Allah Ya ba da sa'a. Ba da shi nake ba.

Kuma kada wani ya karanta wannan ya ruga neman Jersey zalla. Ita ma baƙuwa ce. Kaska da kirci ba sa raga mata, kuma an san ta da yawan durƙushewa bayan haihuwa saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam. Abin da nake goyon baya shi ne rabin jini: a yi wa Bunajinmu barbarar allura da irin Jersey. Uwar ta ba da juriyar cuta da sanin ƙasa, uban ya ba da nono. Bunajin da ake samun lita 1 ko 2 daga gare ta bayan ɗan maraƙi ya sha, 'yarta za ta ninka haka in ana ciyar da ita. Kuma ba ka sayar da gonar gado ka sayo saniyar miliyoyi ba. Illar da zan faɗa muku tun yanzu: in namiji aka haifa, ba zai yi jiki da tozon da masu garma da mahauta ke so ba, kuɗinsa zai gaza na ɗan Bunaji. A sa wannan a lissafi.

Ruwanda ta bi wannan hanya. A 2006 suka fara shirin Girinka, saniya ɗaya ga kowane gidan talaka, daga baya suka haɗa kai da mutanen tsibirin Jersey ana kawo musu irin don barbara. Ƙasarsu ta fi tamu sanyi, na sani, amma manomansu masu ƙananan gonaki ne kamar namu.

Mu ma ba daga tushe za mu fara ba. NAPRI da ke Shika ta daɗe tana haɗa Bunaji da jinin waje, kuma Kano tana da cibiyar barbarar allura a Kadawa. Matsalar ita ce saniya in ta nemi bijimi, ko yini guda cikakke ba ta yi take wucewa, sai kuma bayan mako 3. Wa zai taso daga Garun Malam ya iso Kara a kan lokaci? Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da 'yan majalisarmu: a ajiye tulun sanyaya iri da ma'aikaci mai babur a asibitin dabbobi na kowace hedikwata, a liƙa lambarsa a kasuwa, kuma in za a sayo irin, a sa na Jersey a ciki.