Ra'ayi: Kalma ɗaya a takardar bincike na iya rage buhuna a gonar Sheme

A Sheme da ke Ƙaramar Hukumar Faskari, da maƙwabtanta na Kankara da Sabuwa, masara ce ke riƙe da gidaje da dama. Matsalar tsaro ta riga ta raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa, don haka kowane buhu da aka samu a 'yar gonar da ta rage abin tattali ne. A irin wannan hali, kalmar da mai bincike ya zaɓa a rubutunsa tana iya shafar rumbun manomi.

A duba kalmar "ingantaccen iri". Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da nau'o'in masara masu suna SAMMAZ. A cikin ingantattun irin masara akwai wanda manomi zai iya ajiyewa ya sake shukawa na 'yan shekaru, akwai kuma iri mai aure, wanda idan aka sake shuka 'ya'yansa amfanin ke raguwa sosai. Idan ɗalibi ko malamin gona ya kira duka biyun "ingantaccen iri" ya yi shiru, manomi zai ajiye mai aure ya shuka baɗi, sai da kaka ya ga asara.

Haka lamarin "tsutsa". Wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016 tana cin ganye da zuciyar masara daban take da tsohuwar mai huda kara. Kalmar "magani" kuwa ta haɗe na kashe ciyawa da na ƙwari da na cututtukan shuka. Wanda ya shiga kasuwar Funtua da wannan kalma kaɗai zai iya komawa gida da abin da ba shi yake buƙata ba.

Wasu masana na ganin a bar kalmomin Turanci yadda suke, domin su ne duniyar ilimi ta sani. Suna da hujja idan mujallar ƙasa da ƙasa za a aika wa takardar. Amma binciken da aka yi kan gonakin Faskari yana da masu haƙƙi a Faskari, kuma su da Hausa suke noma.

Aikin ma ba daga farko za a soma shi ba. A 1990 an buga Kamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace, domin nazarin harshe da adabi. A 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Fannin noma na buƙatar irin wannan hidima.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da mai rubutu zai iya yi yau. Ya fara tambayar manoma, domin sau da yawa kalmar na nan: ciyawar nan mai shanye dawa da masara wasu na ce mata wuta-wuta, wasu ƙuduji. Ya ambaci duka biyun sau ɗaya tare da sunan kimiyya, Striga, sannan ya riƙe guda har ƙarshen takarda. Canja kalma daga shafi zuwa shafi don ƙawata rubutu na sa mai karatu ya zaci abubuwa biyu ake nufi. Idan kuma dole ce ta sa ya ƙirƙiri sabuwa, ya fayyace ma'anarta a wurin da ta fara fitowa.

Ya kamata Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su haɗa malaman Hausa da na aikin gona da manoma su tsara jerin kalmomi guda, su kuma wajabta wa duk ɗalibin da ya yi bincike a karkara ya rubuta taƙaitaccen bayaninsa da Hausa. Kafin a sa wa bayanin hannu, a karanta wa manomin Sheme shi, a ji ko ya gane irin da zai ajiye da wanda zai sake saya.