Zane: Daga Littafi Ko Daga Kai?

Gardama ta tashi a wata makarantar yaƙi da jahilci, bayan sallar isha'i. Malami ya ce kowa ya zana saniya bisa allonshi, ya rubuta sunanta ƙasa. Wani manomi ya buɗe littafi, ya bi hoton da ke ciki layi-layi. Wani makiyayi ko duba littafin bai yi ba, ya zana tashi daga kai.

Saniyar manomi ta fi tsabta. Amma da anka matso da fitila, sai anka ga ba ta da tozo, ƙahonta ɗan guntu. Ashe saniyar Turai ce ya kwaikwaya. Ta makiyayi ƙafafunta sun karkace, amma ga tozo, ga dogon ƙaho irin na shanun Bororo. Kowa ya gane ta.

Kwaikwayo shina da amfani. Hannun da ya saba da hauya shina da nauyi, bin layin hoto na sa shi laushi, kamar koyon baƙi da wasali. Sai dai wanda ya tsaya nan, ranar da anka ɗauke littafi ya tsaya cik. In mai hoton ya yi kure, shi ma ya kwashi kuren.

Shi ko kai kamar rumbu yake: abin da ido ya zuba ciki, shi ake ɗiba. Makiyayin nan ya san saniya da baya take fara tashi daga kwance, doki ko da gaba. Ya san raƙumi ƙafafun gefe ɗaya yake jefawa tare. Shekaru ya yi shina kallo. Da an ce ya zana jirgin ruwa, da shi ma ya sha dariya.

Mutanen da ma haka sunka yi. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da anka sassaƙa bisa dutse. Babban ya wuce mita 5, har zanen fatarshi an fitar. Masana sun ce aikin ya kai shekara 6.000 ko fiye. Lokacin babu littafi, kuma raƙumin dawa ba ya tsayawa a gama sassaƙa shi.

Abin ba wasan yara ba ne. Wanda dabbarshi ta ɓace, in ya iya zana ƙahonta da shaidar da ke jikinta, sai ya aika takarda kasuwanni, dillalai su sa ido.

Malami ya raba gardama da aikin gida. Kowa ya tsaya gaban dabbarshi da safe, ya dube ta da kyau, ya juya baya, ya zana ta a ƙasa da kara. Sannan ya waiwaya ya ga abin da ya manta. Littafi sai in hannu ya ƙiya.

Washegari manomi ya zo shina dariya. Shekara shida shina noma da sanshi, sai ranan ya lura ƙaho ɗaya ya fi ɗaya sunkuyawa.