RA'AYINMU: A Maido da Majigi Cikin Unguwa

Hutu ya ƙarato, kuma da yawa daga cikinmu za su koma Tudun Wada ta Gusau, wasu su zarce Tsafe ko Bungudu. Tambayar da muke so kowane ɗalibi ya yi wa kansa ita ce: da me zan amfani unguwar da ta raine ni a cikin waɗannan makonni? Shawararmu ita ce mu haɗa kai da abokanmu da ƙananan ma'aikata, mu riƙa shirya wa jama'a zaman kallon majigi. Wani zai ce wannan ai wasa ne. To, a saurare mu tukuna.

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa motar majigi kan zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, mai bayani ya riƙa fassara wa jama'a abin da suke gani da Hausa. Ta haka aka koyar da tsabta da kiwon lafiya da noma. Dattawanmu har yau suna tuna Baban Larai, fim ɗin shekarun 1950 mai jan hankalin manoma ga noman auduga, kuma ba sai an faɗa wa mutumin Gusau matsayin auduga a arzikin garinsa ba. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, sa'an nan a 1990 Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo a Kano. Abin lura a nan shi ne, a da kallo na taro ne. Mai kuɗi da talaka, yaro da babba, a fili ɗaya suke zama, in an tashi kuma a kwana ana tattauna abin da aka gani.

Yau fa? Kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, ɗaki ɗaya mutum biyar, kallo biyar. Gidajen kallon ƙwallo sun cika da samari, amma babu wurin yara ƙanana, babu na mata, babu na dattawa. Daɗin daɗawa, rashin tsaro ya sa mutane sun takura. Dubban iyalai sun baro ƙauyuka sun shigo Gusau, suna zaune a tsakaninmu ba mu san sunayensu ba. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, kowa ya ga cewa in waya ta mutu, maƙwabci ne kaɗai ya rage. A Satumbar 2023 kuma aka sace 'yan'uwanmu ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukansu a Sabon Gida. Unguwar da mutanenta suka san fuskokin juna ta fi saurin gane baƙon ido, ta fi kuma saurin kai ɗauki. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, ƙafa kuwa sai da wurin zuwa.

Mun san akwai masu ƙyamar abin, kuma ba za mu raina hujjarsu ba. Gidajen silima na da sun yi ƙaurin suna wajen tara 'yan iska da mashaya, shi ya sa iyaye da malamai suka guje su, tun ma kafin a ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999. Amma laifin na tsarin wurin ne da irin abin da ake nunawa. Farin ƙyalle ba shi da laifi, abin da aka haska masa shi yake nunawa. In mun gyara tsari, mun tace abin kallo, ƙorafin ya kau.

Saboda haka ga yadda muke ganin ya kamata a yi. Da farko a je a gai da mai unguwa da liman, a faɗa musu niyya, a nuna musu fim ɗin kafin ranar, a kuma sanar da jami'an tsaro na yankin. Wanda ya tsallake wannan mataki ya rushe aikinsa da hannunsa. Na biyu, a fara bayan sallar isha'i, a tashi kafin ƙarfe goma, don yara su kwanta da wuri. Na uku, a ware wa mata nasu zaman a cikin gida mai faɗin tsakar gida, 'yan'uwanmu ɗalibai mata su jagorance shi. Na huɗu, kada a karɓi ko kwabo a ƙofa. A yi karo-karo tsakanin masu shiryawa don hayar na'ura da man janareta, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa kowa. Na biyar, wurin ya zama fili mai mafita da yawa, a ajiye janareta da mai nesa da jama'a. Kada mu manta da gobarar silimar El Duniya a Kano ran 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci rayuka 331. A Tsafe da Bungudu, da duk inda fitar dare ke da haɗari, a yi da rana a cikin aji, a rufe tagogi, a bar ƙofa a buɗe.

Game da abin kallo, a zaɓi wanda uba zai iya gani tare da 'yarsa ba kunya: tarihin Daular Usmaniyya, wasannin kwaikwayo irin na Samanja Mazan Fama, bayanin rigakafin ƙyanda da sanƙarau, illar shan ƙwaya. In an gama, a ba da rabin sa'a a tattauna, a ba dattijo dama ya yi magana, a ba yaro dama ya yi tambaya. A gayyaci waɗanda suka yi gudun hijira musamman, a shimfiɗa musu tabarma a gaba.

Da dukiyar jama'a aka gina azuzuwan da muke zama, kuma da yawa daga cikin masu wannan dukiya ba su taɓa taka harabar jami'a ba. Ilmin da bai fita daga ɗakin karatu ya shiga lungu ba, bai biya bashinsa ba. Muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na kowace ƙaramar hukuma su naɗa mutum uku-uku kafin a tafi hutu, su dawo mana da labarin abin da suka yi. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu dace, amin.