Jirgin Bama-bamai a Kan Teburin Malami

A Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai wani aikin hannu da manya da yara suke yi don sha'awa, wanda bai samu gindin zama a ƙasar Hausa ba, wato harhaɗa ƙananan jiragen sama na roba waɗanda aka kwaikwayo daga jirage na gaske. Mai sha'awa zai sayi kwali, idan ya buɗe sai ya tarar da gutsattsarin roba fiye da ɗari a maƙale jikin wasu siraran rassa, kowane gutsure da lambarsa, ga takardar bayani mai zane-zane, ga kuma wata takardar mai ɗauke da tambura da lambobin jirgin. Daga nan sai yanka da guga da liƙi da fenti, aikin da kan ci makonni. Galibin waɗannan jirage na yaƙi ne, kuma masu jefa bama-bamai su ne suka fi cin lokaci saboda yawan injina da tagogi da kayan ciki. Wanda ya hangi abin daga nesa zai ɗauke shi wasan 'ya'yan masu hali. Haƙiƙa akwai wasa a ciki, amma ɗalibin da ake shiryawa domin koyarwa zai ƙaru da shi ƙwarai, muddin an zaɓi jirgin da ya dace, kuma muddin tsantsenin da ake yi wajen liƙi da fenti ya zarce jikin roba ya kai ga bayanin abin da jirgin ya aikata a duniya.

Lambar da ke jikin kwalin ita ce mabuɗin aikin. Idan an rubuta 1:72, ana nufin an raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 72 an ɗauki kashi ɗaya. Lambar ta samo asali ne daga awon Ingila, inda inci 1 yake tsayawa a madadin ƙafa 6, wato tsayin namiji dogo. Da wannan ma'auni kamfanin Skybirds ya fara sayar da jiragen katako a 1932, sannan Frog ya fito da na roba a 1936. Makarantu ma sun taɓa shiga aikin gadan-gadan: a 1942 hukumomin Amurka sun nemi ɗalibai su sassaƙa jirage 500,000 a kan wannan ma'auni, a shafa musu baƙin fenti, domin sojoji su koyi bambanta jirgin gida da na abokan gaba daga inuwarsa kawai.

Jirgin da ya fi cancantar zama a teburin malamin Hausa shi ne Bristol Blenheim, wanda kamfanin Airfix ya fitar da sabon samfurinsa a 2014. Jirgi ne mai injina biyu da ma'aikata uku: matuƙi, da mai duba hanya wanda shi ne kuma mai sakin bam, da mai rediyo wanda yake riƙe da bindiga a baya. Ya fara aiki a rundunar sojan sama ta Birtaniya a 1937. Faɗin fukafukansa mita 17.17 ne, ke nan a ma'aunin 1:72 zai dawo santimita 23.8, nau'in Mk.IV mai dogon hanci ya kai kusan mita 13 a tsawo, samfurinsa kuwa santimita 18. Malamin da ya fita da yara fili, ya sa suka ja igiya mai tsawon mita 17, sannan ya ajiye ɗan jirgin a tsakiyarta, ya gama koyar da darasin da allo da alli suke kwana uku ba su isar ba.

Sai dai ba lissafi ne ya sa aka zaɓi Blenheim ba. An zaɓe shi ne saboda jirgin ya sha ƙurar Kano. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta faɗi, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga Birtaniya, alhali sojojinta da ke Masar suna jiran jirage. A watan Agusta gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi sahun Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, sai sararin samaniyar Cadi ya buɗe. Aka riƙa loda jirage a cikin manyan akwatuna, a kawo su ta teku zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan su tashi ayari-ayari: Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, Junaina, Al-Fashir, Hartum, har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayari na farko ya tashi a watan Satumba na 1940, Blenheim ɗaya yana jan ragamar ƙananan jiragen Hurricane guda 6, domin shi ne mai ɗauke da mai duba hanya. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan tafarki. Duk wanda ya san tarihin alhazan ƙafa zai lura cewa kusan hanyar da kakanni suka bi ce, ta Barno da Wadai da Darfur. Wani abin lura kuma, jirgin na gaske shi ma a akwati ya zo gunduwa-gunduwa, mutane suka haɗa shi da takardar bayani a hannu, cikin zafi da gumi.

Aikin haɗawa yana da tsari, kuma tsarin ba ya yafe wa mai garaje. Ba a fizgar gutsure daga reshensa, ana yanke shi ne da reza ko ɗan almakashi, a goge wurin da sanfefa mai laushi. Kafin a taɓa gam, sai an gwada ɓangarorin biyu an ga yadda bakinsu ya haɗu. Gam ɗin wannan aiki ba irin na takarda ba ne, narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin su zama abu ɗaya, saboda haka ɗigo ɗaya da ya wuce kima, ko yatsa da ya sauka a kansa, zai bar tabon da ba ya gyaruwa da sauƙi. Daga ciki ake farowa: mazaunin matuƙi, da teburin mai duba hanya, da allon agogunan injin, duk sai an yi musu fenti kafin a rufe gangar jikin, domin idan an rufe an rufe ke nan. Bayan haka sai a bi layin da ɓangarorin suka haɗu a cike tsagar, a goge, a ɗaga jirgin a hasken taga a duba, a sake gogewa. A nan mafi yawan masu koyo suke gajiya, kuma a nan ne ake gane wanda zai iya gyara rubutun yara arba'in ba tare da ya tsallake layi ba.

Hancin Blenheim kusan duk gilashi ne, kuma shi ne jarrabawar aikin. Idan gam mai narkarwa ya taɓa robar mai garai-garai sai ta yi hazo, turirin sufa-gulu kuma yakan bar mata farin toka. Abin da ya dace shi ne farin gam na kafinta, a ɗiga shi da tsinken sakace. Kowace 'yar taga sai an yanka mata salatif na takarda daidai girmanta an rufe ta kafin fenti. Shi kansa fentin ana sirka shi ne ya yi ruwa-ruwa, a shafa sau biyu ko uku, kowace shafa ta bushe kafin ta gaba. Tamburan kuwa ana tsoma su a ruwan ɗumi, su saki takardarsu, a zame su zuwa wurinsu a kan fuska mai santsi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashinsu su riƙa ƙyalli kamar gwangwani. Takardar bayanin ba ta san hunturu ba, don haka mai aiki a Katsina ko Damagaram sai ya ƙara da nasa sanin: fenti yana bushewa a bakin burushi tun bai kai jikin jirgin ba, ƙura kuma tana sauka a kan ɗanyen aiki. Gara a yi fenti da sassafe, a kifa kwano a kai, kuma kada a bar kwalin cikin mota a rana, domin fukafukan za su lanƙwashe.

Masu wannan sha'awa ba sa tsayawa a abin da kamfani ya zuba a kwali, sukan ƙara ƙananan abubuwa da hannunsu: ɗamarar kujera daga siririn salatif, wayoyin inji daga zaren tsohuwar wayar lantarki, baƙin hayaƙi a bayan bututun inji daga garin fensir, kojewar fenti a inda takalman makanikai suke taka fiffike. Mai kallo zai ce ado ne, alhali bincike ne. Ƙa'idarsu ita ce ba a ƙara abin da hoto ko takardar tarihi ba su tabbatar ba. Jirgin da ya tashi daga Ingila zuwa Jamus launin ƙasa da kore ne a samansa. Da yawa daga waɗanda suka yi aiki a hamada an sauya musu koren da launin yashi, an kuma ƙara musu matatar iska a ƙarƙashin inji saboda ƙura. Wanda ya ɗora launin wannan a kan lambar wancan ya yi ƙarya da burushi, kome kyan hannunsa. Ɗalibin da ya saba tambayar kansa inda ya ga abu kafin ya zana shi, da wuya ya tsaya gaban aji ya faɗi shekarar da bai tabbatar ba.

Ga malamin harshe akwai wata riba ta daban. Kalmar jirgi da can ta abin hawan ruwa ce, sai Bahaushe ya faɗaɗa ta zuwa jirgin ƙasa da jirgin sama, ya kuma ara wa na saman sassan jikin tsuntsu da dabba, ya ba shi hanci da ciki da fukafukai da wutsiya. Farfela da inji da taya aro ne da ya zauna daram. To, yaya za a kira ɗakin da bama-bamai suke kwanciya a cikin jirgin? Rumbun bam ya fi dacewa da kunne, ko da yake abin takaici ne a ba wurin ajiyar mutuwa sunan wurin ajiyar hatsi. Ajin da aka sa ya mayar da takardar bayanin zuwa Hausa, jimla-jimla cikin sigar umarni, zai yi gumi da ƙirƙirar kalmomi fiye da yadda zai yi a lacca.

Akwai masu cewa bai kamata a kawo siffar makamin kisa cikin makaranta ba, kuma maganarsu tana da nauyi. A wannan yanki jirgin yaƙi ba labarin littafi ba ne. A ranar 17 ga Janairun 2017 wani jirgin soja ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Barno, ya hallaka ɗimbin mutane har da ma'aikatan agaji. Malamin da yake da yaran da suka taɓa gudu saboda rugugin jirgi bai kamata ya ajiye musu wannan abu a tebur ba shiri ba. Wani ajin ma barin sa ya fi. Amma ɓoye jirgin ba ya kare yaro daga sha'awarsa, domin yana ganinsa a waya da finafinai, inda bam yake sauka babu mai kuka. Babban aibin wannan sha'awa a ƙasashen da ta yi ƙarfi shi ne yadda mutum zai ƙirga ƙusoshin fiffike ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa tambayar a kan wa aka buɗe rumbun ba. Wannan giɓi ne malami zai cike. Idan ya nuna wa yara rumbun Blenheim, ya faɗa musu yana ɗaukar bam mai nauyin kilo 454, ya bar su su auna abin da hakan zai yi wa unguwa mai gidajen ƙasa. Idan ya nuna kujeru ukun, ya faɗa musu cewa a ranar 17 ga Mayun 1940 Blenheim 12 sun tashi kai hari a Beljiyam, ɗaya kacal ya dawo. Idan kuma aka zo kan jirage uku na farko da suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, waɗanda ake ba da labarinsu da alfahari, ya dace a sani cewa samfurin DH.9A ne, masu jefa bam, kuma shekara biyar kafin nan magabatansu, DH.9, su Birtaniya ta tura suka yi ruwan wuta a kan mayaƙan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a ƙasar Somaliya. Wanda yake ƙyamar siffar mai rai kuwa, 'yan mutum-mutumin da wasu kwalaye suke zuwa da su ba dole ba ne, kujera da ɗamararta sun isa su nuna cewa ɗan wani ne ya zauna a wurin.

Saura batun kuɗi. Kwalin daga waje ake kawo shi, fentinsa da gam ɗinsa ma haka, kuma ba za a ce kowane ɗalibi ya saya ba. Guda ɗaya ya ishi sashe: a haɗa shi a hankali cikin zangon karatu, a ajiye shi a matsayin abin awo. Sauran aikin kuwa yaran karkara sun riga kowa iyawa, domin tun kafin a san Airfix suke ƙera mota da jirgi da ɓawon kara da totuwarsa da gwangwanin madara. Abin da jirginsu ya rasa shi ne ma'auni, shi ya sa fiffike yakan fi gangar jiki kauri, taya ta kai girman inji. Sai a ba su rula da ɗan jirgin robar, a ce su ninka kowane awo sau biyu. Hakan zai ba da ma'aunin 1:36, fukafukai su kai santimita 48, gangar jiki 36, girman da kara mai kyau zai ɗauka ba tare da ya karye ba, kuma tagogin hancin za su yi faɗin da za a iya yanko su daga gorar ruwa.